Cragside: Gidan da Ruwa Ke Yi wa Aiki, Ruwa Kuma Ke Neman Ci

A arewa maso gabashin Ingila, kusa da garin Rothbury a yankin Northumberland, akwai wani gida da ke maƙale a jikin dutse, wani rafi mai suna Debdon na gudana a ƙarƙashinsa. Sunansa Cragside. Mai kallonsa daga gadar ƙarfen da ke kan rafin zai ga kamar unguwa guda aka cure waje ɗaya: rufi a kan rufi, hasumiya a nan, dogayen bututun hayaƙi a can, ƙasa ginin dutse, sama kuma farin bango mai ratsin baƙin katako. Yawancin masu ziyara a nan idonsu ke tsayawa. Amma wanda ke son ya gane irin waɗannan gidaje na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, gara ya bi sawun ruwa: ta ina yake shiga gidan, me ake sa shi yi, ta ina kuma yake fita. A Cragside wannan ya fi ko'ina fitowa fili.

Mai gidan, William Armstrong, ba ɗan sarauta ba ne. Lauya ne a Newcastle da ya koma ƙere-ƙere, ya ƙirƙiro injin ɗaga kaya mai aiki da ƙarfin ruwa, ya kafa masana'anta a Elswick a 1847, daga baya ya yi dukiya mai yawa da ƙera manyan bindigogi da jiragen ruwan yaƙi. Irinsa ne suka gina da yawa daga cikin gidajen karkara na wannan zamani: masu ma'aikata, masu banki, 'yan kasuwa, waɗanda kuɗinsu daga birni ya fito ba daga gona ba. Zamanin ma ya taimaka musu. An soke harajin gilashi a 1845, na bulo a 1850, na tagogi a 1851, don haka manyan tagogi suka daina zama abin tsoro ga aljihu. Jirgin ƙasa kuma ya sa ana iya kawo allon dutsen rufi daga Wales, ko tayil, ko ƙarfe, zuwa ƙauyen da a da sai dai a yi gini da abin da ke kusa.

Armstrong ya sayi filin a 1863, ya fara da ɗan madaidaicin gida na hutawa. A 1869 ya ɗauko mai zanen gini Richard Norman Shaw daga Landan, aka yi ta ƙari har wajen 1884. Ba a rushe gidan farko ba, kewaye shi aka yi, kuma kusan duk sabon sashe sai an fasa dutse an samar masa wurin zama. Wannan shi ya sa tsarin cikin gidan ba shi da miƙaƙƙen layi. Lunguna na lanƙwasa, bene na hawa da sauka ba zato, wasu hanyoyin duhu gare su ko da rana. A wurin tsara ɗakuna ɗaya bayan ɗaya Shaw gwani ne, amma a wurin haɗa su, dutsen ne ya yi hukunci, kuma masu sukar gidan a kan wannan suna da gaskiya.

Farin bangon nan mai ratsin katako ma ba na yankin ba ne. Salon tsofaffin gidajen kudanci da yammacin Ingila ne, Shaw ya ɗauko shi ya ɗora a kan ginin dutsen yashi da aka haƙo a wurin. Mutanen Northumberland da zallar dutse suke gini, saboda sun san iskarsu da ruwansu. Kowace mahaɗa tsakanin katako da yaɓe ƙofa ce ga ruwa, domin katako na kumbura da laima ya tsuke da rani, yaɓe kuwa ba ya bin sa.

Kafin a kai ga bututu, sai an fahimci yadda ake raba irin wannan gida, domin rabon ne ya jawo wahalar da injuna suka zo ragewa. Gidan kashi uku ne a dunƙule: ɗakunan karɓar baƙi, ɓangaren iyali, da ɓangaren ma'aikata. Wanda ya san tsarin gidan Hausa, inda baƙo ke tsayawa a zaure, na kusa ya kai shigifa, cikin gida kuma sai wanda ya isa, ba zai ga baƙon abu ba a nan, sai dai su abin da suka fi tsarewa shi ne kada mai gida da baƙinsa su yi karo da masu aiki. Akwai ƙofa mai rufin kauri na ulu, galibi kore, da ke raba ɓangarorin biyu ta kuma tare hayaniya. Akwai matakalar baya, siririya, ta ɗaukar kwal da ruwa da kayan wanki. A manyan gidaje ma'aikata maza da mata kowa da matakalarsa da wurin kwanansa. Ana kiran su da ƙararrawa: a ja mariƙi a ɗaki, waya ta bi ta cikin bango da ƙarƙashin daɓe ta kaɗa ƙararrawa a jeren da ke lungun ma'aikata, kowace da sunan ɗakinta a ƙasa. Ƙararrawar na rataye ne a jikin lanƙwasasshen ƙarfe mai tsalle, sai ta ci gaba da rawa bayan ta yi shiru, wanda ya iso a makare ya ga wadda aka ja.

Kicin shi ne babban abin damuwa, saboda wari da zafi da gobara. Ana son ya fuskanci arewa don ya yi sanyi, rufinsa ya yi tsawo, tagoginsa su kasance a sama don tururi ya fita, hanyar da ta haɗa shi da ɗakin cin abinci kuma ta yi kwana don wari ya ɓata a hanya. Abinci kan huce kafin ya isa, shi ya sa ake ajiye kabad ɗin ƙarfe mai ɗumi kusa da ɗakin cin abinci. Tsoron gobarar ba na banza ba ne. Gidan Lanhydrock da ke Cornwall ya ƙone a 1881, wutar kuma daga wajen kicin ta tashi. Da aka sake gina shi, sai aka sa ƙarfe da kankare a rufin ɗakuna don tare wuta, aka kuma ware wa nama, kifi, madara da burodi kowanne ɗakinsa.

To a gida mai hawa da yawa da ke jingine da dutse, duk bokitin ruwa da duk kwandon kwal a kan mutum zai hau. A nan sana'ar Armstrong ta shigo. Ya datse rafuffuka ya yi tafkuna biyar. Ƙa'idar da ya yi aiki da ita mai sauƙi ce: duk mita 10 na tsawo da ruwa ya sauko a cikin rufaffen bututu yana ba da matsi na kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. A 1868 ya kafa injin da ruwan tafkin Tumbleton ke turawa, shi kuma injin ya tura ruwan sha zuwa wani tanki da ke can saman gidan. Daga tankin ruwa ke gangarowa da kansa zuwa famfuna, banɗakuna da injuna, ba tare da an ƙona ko ƙwayar kwal ba.

Lif ɗin gidan, wato akwatin da ke hawa da sauka tsakanin benaye, ƙanin injin ɗaga kayan da ya yi wa tashoshin jiragen ruwa ne. Ruwa na shiga wani bututu mai kauri ya tura sandar ƙarfe, sandar na ɗauke da ƙafafun jan igiya, an nannaɗa igiyar sau da yawa tsakaninsu da wasu ƙafafun da ke kafe, don haka idan sandar ta matsa kaɗan sai akwatin ya hau ninkin haka. A sauko kuwa, buɗe wa ruwan hanya ake yi ya fita, nauyin akwatin ya mayar da sandar. An yi shi ne musamman don ma'aikata da kayansu. A kicin, ƙarfen gasa nama ma ruwa ke juya shi: wani ɗan inji a ƙarƙashin ƙasa na fesa ruwa ta bakuna masu fuskantar saɓanin juna, feshin ya sa shi juyawa, sanduna da haƙoran ƙarfe su kai juyin har gaban murhu.

Lantarki ya biyo baya. A 1878 aka haɗa injin da ruwa ke juyawa da janareta ƙirar Siemens a wajen tafkin Debdon, aka ja wayar jan ƙarfe fiye da kilomita ɗaya zuwa gidan, aka kunna fitila a zauren hotuna. Shi ya sa ake kiran Cragside gida na farko a duniya da aka haska da lantarkin ruwa. Fitilar farkon irin mai tartsatsi ce tsakanin sandunan gawayi biyu, haskenta na kashe ido, tana ƙara, tana hayaƙi, ba ta dace da ɗaki ba. A ƙarshen 1880 aka sa ƙwan fitila na Joseph Swan, abokin Armstrong, mai laushin haske. A ɗakin karatu har yau akwai wasu tuluna na ado masu jikin ƙarfe da aka mayar fitilu. A wancan lokaci kowane tulu na zaune a kan gindin ƙarfe mai ɗan kwanon zaiba a ciki. Idan aka ajiye shi, waya ta nutse a zaibar, wuta ta kama, idan aka ɗaga shi ta mutu. Jikin tulun kansa na cikin hanyar da wutar ke bi. Dabara ce mai kyau ga zamaninta, amma zaiba guba ce, kuma babu mai aikin lantarki da zai yarda da ita yau. A 1886 aka gina sabon gidan wuta da ke shan ruwa daga tafkunan Nelly's Moss, masu tsawon kusan mita 100 a samansa. Lissafin a nan shi ne: lita 10 a kowace daƙiƙa daga tsawon mita 100 na ba da kusan kilowat 10 kafin a cire asara, wato tsawo ne ke rufa wa ƙaramin rafi asiri. Ba sha'awa kawai ta kai Armstrong ga wannan ba. Tun a 1863 ya faɗa a bainar masana cewa kwal ɗin Ingila na iya ƙarewa cikin ƙarni biyu.

Ɗumama gidan ma a ɓoye take. Tukunyar ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa, iskar waje na bi ta kan bututun zafi, ta hau ta ramuka a cikin gini, ta fito ta ragar ƙarfe a daɓe. A ƙarƙashin ɗakin karatu akwai ɗakunan wankan tururi da ke cin moriyar zafin nan. Duk da haka Shaw bai bar murhu ba, domin a wurin Bature murhu ne zuciyar ɗaki. A ɗakin cin abinci ya yi wani lungun murhu a ƙarƙashin ƙatuwar bakar dutse, da wurin zama a gefe da gefe, da ƙananan tagogi masu gilashin launi na kamfanin William Morris. A babban falon da aka gama don ziyarar Yariman Wales, magajin gadon sarautar Birtaniya, da matarsa a 1884, murhun na dutsen mabul ne daga Italiya, nauyinsa kusan tan 10, W. R. Lethaby ne ya zana shi yana mataimakin Shaw. Babu katakon bene da zai ɗauki wannan nauyi. Abin da ya sa ya yiwu shi ne wancan gefen ɗakin a kan dutsen kansa yake zaune. Falon kuma ta sama yake samun haske, ta rufin gilashi, don bango ya zama na rataye hotuna.

Yanzu ga inda kyan gidan ke zama nauyi. Rufi mai gangara biyu kawai ba ya ba da wahala. Amma duk inda rufi biyu suka haɗu akwai kwari, duk inda rufi ya jingina da bango ko hasumiya ko bututun hayaƙi akwai mahaɗa, kuma a irin waɗannan gidaje ana yawan ɓoye hanyar ruwa a bayan rawanin gini don kada ta ɓata fuska. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai faɗin murabba'in mita 1,000, idan aka yi ruwa na milimita 25, zai tara lita 25,000, kuma dukkansu ta 'yan bakuna kaɗan za su fita. Indararo na tofar da ruwa waje kowa na gani. Ɓoyayyiyar hanya kuwa idan ta toshe, cikin gida take amai, kuma sai a yi watanni ba a sani ba. A Cragside, inda aka dasa itatuwa kusan miliyan bakwai, ganye, har da siraran ganyen itacen fir masu kama da allura, ba sa ƙarewa. Mataccen tsuntsu ɗaya ma ya isa ya toshe bakin bututu.

Da dalma ake shimfiɗa waɗannan kwaruruka, kuma dalma na miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi. Idan aka shimfiɗa ta da tsawo fiye da kima, ko aka kafe ta da ƙusa ta kowane gefe, sai ta tattare ta tsage. Shi ya sa ake yanka ta gwargwadon kaurinta: mai kaurin milimita 1.8 ba a wuce mita ɗaya da rabi, mai milimita 2.65 ba a wuce mita biyu da kwata, mai milimita 3.55 kuma mita uku. Tsakanin yanki da yanki a hanyar ruwa ana yin 'yar matakala ta kusan santimita 5 ko fiye, a ɗora na sama a kan na ƙasa, gangarar kuma kada ta gaza ɗaya cikin 80. Liƙa tsagewa da kwalta ko roba ɓata lokaci ne, yana ɓoye ciwon ne kawai. Ko dai a yi wa wurin walda da sabuwar dalma, ko a sake yankin. A rufin allon dutse kuwa, ba dutsen ke fara gajiya ba, ƙusoshin ƙarfe ne ke tsatsa su karye, allunan su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Idan zamewar ta yi yawa, a sauke rufin, a ware allunan da ke da ƙara mai kyau idan an ƙwanƙwasa, a mayar da su da ƙusoshin jan ƙarfe.

Ruwan da ya samu shiga, katako yake nema. Akwai wani naman gwari da Turawa ke kira busasshiyar ruɓa, suna mai ruɗarwa, domin ba ya kamawa sai danshin katako ya haura kashi 20 cikin ɗari. Yana son duhu da iskar da ba ta motsi, wato bayan katakon da aka lulluɓe bango da shi, ƙarƙashin daɓe, da kan azarar da aka cusa cikin bango. Yana miƙa jijiyoyi ta cikin yaɓe da tsakanin duwatsu ya kai ga wani katakon. Alamunsa: warin laima irin na naman gwari, jar ƙura kamar garin tsatsa a kan kaya, da katako mai tsagewa gida-gida yana marmashewa a hannu. A da akan fasa duk abin da ke kewaye a yi ta zuba magani, a yi asarar aikin kafintoci da ba za a sake samu ba. Hanyar da ta fi ita ce a fara gano inda ruwan ke shiga a tsayar da shi, a buɗe wa wurin iska, a yanke abin da ya mutu kawai a dasa sabo, a ci gaba da auna danshi. Bango mai kauri na iya ɗaukar shekara ko fiye kafin ya bushe, kuma gaggawa a nan ita ke jawo ɓarna. Ƙananan ramukan shan iska da ke gindin bango ma kada a toshe su, ko a tara ƙasar lambu ta rufe su.

Dutsen yashi na shan ruwa ya kuma sake shi. Magina na lokacin da kwaɓin farar ƙasa suke ɗaure shi, kusan awo ɗaya na farar ƙasa ga awo uku na yashi mai kaifi. Kwaɓin ya fi dutsen laushi, don haka ta nan danshi ke fita, shi ne kuma ke cinyewa a hankali, a sake cike shi. Babbar ɓarnar da aka yi wa irin waɗannan gidaje a ƙarni na 20 ita ce cike layukan da siminti. Siminti ya fi dutsen tauri kuma ba ya barin danshi ya wuce, sai ruwa ya taru a gefen dutsen, sanyi ya daskarar da shi, ya kumbura, fuskar dutsen ta ɓare, a bar layin siminti a tsaye kamar haƙarƙari. Duk wanda ya ga abin da yaɓen siminti ke yi wa katangar ƙasa, yadda take ruɓewa a bayansa har ya faɗo falle guda, ya san wannan ciwo. Gyaran shi ne a ƙwaƙule layin da hannu, ba da injin yanka ba, zurfin ya kai ninki biyu na faɗinsa, a jiƙa, a danna sabon kwaɓi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe da sauri. Ba a yin aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. Akwai kuma ƙarafan da ake ɗaure dutse da dutse da su a ɓoye, musamman a rawani da bututun hayaƙi. Idan ruwa ya kai gare su, tsatsa ta ninka girmansu ta fasa dutsen daga ciki; ana cire su a sa na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Bututun hayaƙi su ne suka fi shan duka, ga iska ga ruwa ta kowane gefe, ga toka mai gishiri da ta jiƙe tana cin kwaɓi daga ciki. Wanda aka daina amfani da shi ba a toshe shi ruf. A sa masa hula mai barin iska a sama, a bar 'yar kafa a ƙasa.

Cragside ya koma hannun ƙungiyar National Trust, mai kula da gidajen tarihi, a 1977 a madadin harajin gado, aka buɗe shi ga jama'a a 1979. Yana cikin gine-ginen da doka ta fi karewa a Ingila, don haka ba a taɓa wani abu da zai sauya kamanninsa sai da izini. A gidajen da ke hannun ƙungiyar ba a ɗumama ɗakuna don jin daɗin mutane, ana ɗumama su ne don katako da zane da littattafai: na'urar auna danshi ce ke kunna zafi, ana neman danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 50 zuwa 65 cikin ɗari, abin da galibi ɗan ƙarin digiri 5 a kan na waje ke samarwa. Zafin da ya wuce haka na busar da katako ya tsage shi. A 2014 aka kafa wani ƙaton ƙarfe mai murɗe kamar sukurū, tsawonsa mita 17, a bakin tafkin Tumbleton. Ruwa na shiga ta samansa, nauyinsa ya juya shi a hankali yayin da yake gangarowa, ya ba da kusan kilowat 12, wanda ya isa ya kunna fitilun gidan tunda an mayar da su na zamani masu cin wuta kaɗan. Kifi ma na iya bi ta cikinsa ya fita lafiya, abin da injin 1886 mai gudun tsiya ba zai bari ba.